Ba daga rana girgizar Accra za ta zo ba

Assalamu alaikum jama'ar zango, na gida da na waje.

Saƙon muryar nan ya sake dawowa WhatsApp. Wanda ake cewa rana ta yi aman wuta, wutar tana kan hanya, cikin kwana uku za a yi girgizar ƙasa mai tsanani, kowa ya zauna cikin shiri ya kuma tura wa mutum goma. Wannan karon har da hoton rana an zagaye wani baƙin tabo a fuskarta da jan layi. Daga Nima ya faɗa Maamobi, daga can Fadama, kafin la'asar ya isa Madina da Ashaiman. Wani ya juya shi zuwa Twi, wani ya ƙara masa "in ji NASA", wato hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne. Babu mahalukin da ya iya duban rana ya faɗi ranar da ƙasa za ta girgiza, kuma a gari irin Accra, wanda da gaske yake zaune a kan tsagar dutse, wannan wasa yana da tsada.

Waɗanda suka mallaki hankalinsu a 2010 ba sa bukatar a ba su labari. Daren Lahadi 17 ga Janairu, wayewar Litinin 18, ƙasar nan kusan duka a waje ta kwana. Kwana biyar ke nan da girgizar Haiti ta 12 ga wata, hotunan gawawwaki suna ta yawo a talabijin, sai ga saƙon tes yana cewa wani haske mai cutarwa zai sauko daga duniyar Mars cikin dare, a kashe wayoyi, kuma wai NASA da BBC ne suka faɗa. Kafin a ankara maganar ta rikiɗe ta zama girgizar ƙasa. Aka riƙa buga ƙofofi ana tada maƙwabta, aka fito da tsofaffi da jarirai cikin sanyin hunturu, aka cika filayen ƙwallo da bakin titi. Gari ya waye lafiya lau. BBC ta ce ba ta san zancen ba, hukumomi suka ce jita-jita ce. A lokacin ma ƙananan wayoyi ne a hannunmu, saƙo ɗaya kuɗi ne. Yau turawa kyauta ce, ga hoto, ga murya.

Sai dai masu duban rana na yau sun fi na 2010 iya shiri, kuma abin da ke ba su ƙarfi shi ne rabin maganarsu gaskiya ce. Rana tana da tabo, wurare ne da maganaɗisunta ya dunƙule har suka fi kewayensu sanyi, shi ya sa suke fita baƙi a hoto. Tana tartsatsi, haskensa ya iso mana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, domin tazarar kilomita miliyan 150 ce. Wani lokaci ta tofo gajimaren ɓurɓushi mai ɗauke da lantarki, ya yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, ya bugi garkuwar maganaɗisun duniya. Harkar tana hawa tana sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 NASA da hukumar NOAA ta Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. Ɓarnarta ma sananniya ce. A Satumba 1859 wayoyin tangaraho sun yi ta tartsatsi a Turai da Amurka. A 13 ga Maris 1989 lardin Quebec na Kanada ya yi awa tara babu wuta, mutum miliyan shida a duhu, dumsor daga sama ke nan. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwar rana ta kumbura iskar sama, kusan 40 suka faɗo suka ƙone.

Ku duba jerin nan da kyau. Waya, taransifoma, rediyo, tauraron ɗan'adam. Duk abubuwa ne da lantarki ke bi ta cikinsu, ko suke shawagi can sama. Ita kuwa girgizar ƙasa, dutse ne yake karyewa a zurfin kilomita goma, ashirin, ko fiye. Ɓawon duniya a tsage yake gida-gida, kowane ɓangare yana matsawa 'yan santimita a shekara. A bakin tsagar duwatsun suna maƙale da juna, nauyi yana taruwa shekara ɗari, ɗari biyu, dubu, har ranar da maƙalewar ta gaza, ɓangarorin su zame cikin daƙiƙu. Wanda ya ce tartsatsin rana ne ya kunna wannan, aikinsa ne ya nuna ta wace hanya ƙarfin ya ratsa iska, ya ratsa ƙasa, ya isa can ƙasa da sauran ƙarfin da zai motsa dutse. Har yau ba a nuna ba.

To in haka ne, me ya sa suke "dacewa"? Wannan ita ce tambayar da samari ke yi mini a majalisar ataya, kuma tambaya ce mai kyau. Amsar tana cikin lissafi. A ƙididdigar hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, duniya tana samun girgiza mai maki 6 zuwa sama fiye da sau ɗari a shekara, wato kusan duk kwana uku akwai ɗaya. Masu maki 7 zuwa sama kimanin 15 ne a shekara. Masu maki 5 sun haura dubu. Saboda haka in na fito yau na ce "a cikin mako guda za a yi girgiza mai ƙarfi a wani wuri a gefen tekun Fasifik", kusan ba yadda za a yi in faɗi. In na ce maki 7 cikin mako biyu a ko'ina a duniya, damar dacewata ta kusa rabi, ba tare da na ɗaga kai na dubi komai ba. Ta ɓangaren rana ma haka. Tana juyawa a kanta sau ɗaya cikin kimanin kwana 27, kuma a shekarun ƙololuwa da wuya a yi mako babu wani tabo, ko tartsatsi, ko abin da suke kira ramin rana yana fuskantar duniya. Abu biyu da kowannensu ke faruwa kusan kullum dole su riƙa haɗuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban allon masu hasashen loto a Circle ko Kaneshie ya san wannan sana'a. Allo cike da lambobin makonnin baya, an ja layi daga wannan zuwa wancan, mai alli yana bayani da tabbacin da ko farfesa ba shi da shi. Ranar da lambobinsa biyu suka fito, unguwa duka sai ta ji. Makonni talatin da ba su fito ba kuwa, tsumma ya riga ya share. Kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa har yanzu shi ke tsaye a rana yana sayar da takarda.

Na san sunan da za a jefo mini a ƙasan rubutun nan: Frank Hoogerbeets, Baturen Holan ɗin da aka ce ya hango girgizar Turkiyya. Bari mu dube shi da adalci. A 3 ga Fabrairu 2023 ya rubuta a Twitter cewa ko ba jima ko ba daɗe za a yi girgiza mai maki kusan 7.5 a yankin kudancin Turkiyya, Jodan, Siriya da Labanan. Bayan kwana uku, da asubar 6 ga wata, mai maki 7.8 ta afka kusa da Gaziantep, wata mai kusan wannan ƙarfi ta biyo bayan awa tara, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Dole abin ya girgiza zuciya. Amma a sake karanta kalmominsa. "Ko ba jima ko ba daɗe" ba rana ba ce. Ƙasashe huɗu ba gari ba ne. Tsagar gabashin Anatoliya kuwa tana cikin littattafan makaranta, masanan Turkiyya sun daɗe suna gargaɗi a kanta, tarihin birnin Antakya da ke yankin cike yake da rushewa. Shi ma ba da harkar rana kai tsaye yake aiki ba, jeruwar duniyoyi yake lissafawa, amma kasuwarsu ɗaya da masu tabon rana, masu saye ma ɗaya. Wannan mutumin ne a 2015 aka yi ta yawo da hasashensa na gagarumar girgiza a Kalifoniya ranar 28 ga Mayu. Ba ta zo ba. Bayan Turkiyya ya yi gargaɗin makon farko na Maris 2023, har ana maganar maki 8. Shekarar ta ƙare ba a ga maki 8 a ko'ina ba. Waɗannan ba su taɓa shigowa wayata an ce a tura wa mutum goma ba.

Ga kuma gwajin da rana da kanta ta yi mana. A 10 da 11 ga Mayu 2024 aka yi guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003, sama ta yi ja da kore har a ƙasashen da ba su saba ganin haka ba. In da maganarsu na da ƙafa, a nan ya kamata ƙasa ta tsage. Watan ya fita ba a yi ko girgiza ɗaya mai maki 7 ba a duniya. Ta ɗaya gefen, girgizar Sichuan ta 12 ga Mayu 2008, wadda ta kashe dubun dubatar mutane a Sin, ta zo ne lokacin da fuskar rana take fayau, a tsakiyar lafawar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Haiti da Chile na farkon 2010 ma rana ba ta gama farkawa ba.

Kada a ce masana raina tambayar suka yi. Sun bincika. A 2013 Jeffrey Love na USGS da Jeremy Thomas suka ɗauki bayanan shekaru masu yawa na tabon rana, iskar rana da guguwar maganaɗisu, suka jera su da manyan girgizar ƙasa, ba su sami alaƙar da ta wuce dace ba. A 2020 wasu masu bincike 'yan Italiya suka fitar da takarda suna cewa sun ga alaƙa tsakanin yawan ɓurɓushin da ke fitowa daga rana da manyan girgiza, wasu masanan suka ƙalubalanci lissafinsu. Haka ilimi yake tafiya, kuma ban ga laifi ba a ci gaba da dubawa. Amma ko takardar nan ta tabbata ɗari bisa ɗari, abin da za ta ce shi ne duniya gaba ɗaya damarta ta ɗan ƙaru na kwana ɗaya. Ba za ta gaya wa mai ɗaki a Sabon Zango ko ya kwana ciki ko ya fita ba. Sharaɗin hasashe uku ne a wurin masu wannan fanni: lokaci, wuri, da girma. USGS ta faɗa ƙarara cewa ita da kowa ba a taɓa cika ukun nan ba a kan wata babbar girgiza. Su kansu sun gwada. A shekarun 1980 suka ce garin Parkfield na Kalifoniya zai girgiza kafin 1993, suka cika wurin da na'urori. Sai 2004 ta zo. Bambancinsu da mai saƙon murya shi ne sun rubuta kuskuren da sunansu, yana nan kowa na iya karantawa.

Wani ɗan'uwa ya ce mini, "Malam, ai rana aya ce, don me za ka musa?" Aya ce, ba musu. Amma mu da muka yi zaman allo mun san ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu, aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi bai bar maganar ta kwana ba, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A ranar da yake cikin baƙin cikin ɗansa ya raba abin da ya faru a sama da abin da ya faru a ƙasa. Kuma an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yaɗa shi. Abin lura ma, husufi ana lissafa shi har minti. Na 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Accra da Cape Coast da hantsi, an sanar da shi tun da daɗewa, har aka sayar da tabarau. Abin da ilimi ya iya faɗa yana faɗarsa da rana da awa, abin da bai iya ba ya ce bai iya ba.

Yanzu ga inda abin yake ci mini rai. Accra tana da girgizar ƙasa ta gaske, tata ta kanta. A 1862 ta lalata ganuwoyin Turawa na bakin teku, har da fadar Osu. A 22 ga Yuni 1939, da misalin ƙarfe bakwai da minti ashirin na dare, aka yi mai maki kusan 6.5, mutum 17 suka mutu, fiye da 130 suka ji rauni, gidaje da yawa suka zube. Gidajen gwamnati na Korle Gonno da Mamprobi asalinsu tsugunar da waɗanda suka rasa matsuguni ne. A lokacin mutanen garin ba su kai dubu ɗari ba, yawanci a gidaje marasa bene. Ƙidayar 2021 ta ba yankin Greater Accra mutum fiye da miliyan 5.4. Tsagogin da suka yi wancan aiki suna nan inda suke: ta Akwapim da ta gangaro daga arewa maso gabas, da ta bakin teku, suna haɗuwa ta wajen Weija, McCarthy Hill da Nyanyano. Suna kuma tuna mana da kansu. An ji motsi a 1997, an ji a Maris da Disamba 2018, an ji daren 24 ga Yuni 2020, an ji sau uku a 12 ga Disamba 2022. Ko ɗaya daga cikinsu babu mai duban rana da ya faɗa kafin ta zo. Ba sa ma kallon Afirka ta Yamma, masu kallonsu a Amurka da Turkiyya da Indiya suke.

Ina ne kuma 'yan'uwanmu suke sayen fili yau? Nima ta cika, haya ta fi ƙarfin kowa, mai gida yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Duk wanda Allah ya buɗa wa, ko ɗansa ya turo daga Jamus ko Bronx, sai ya nufi Kasoa, Gbawe, Bortianor, Ablekuma, Weija, wato kan tsagar kai tsaye. Wasu a kan gangaren tsauni da aka yanke, wasu a fadamar Densu da aka cike da ƙasa, wadda ita ce mafi muni in ƙasa ta motsa. Ban ce kada a gina ba, ina za a je? Amma ku dubi yadda ake ginin. Buhun siminti ɗaya a buga bulo har sai ya zama ana murza shi da yatsa yana zuba. Rodi siriri, an rage adadinsa don kuɗi bai kai ba. Harsashin da aka haƙa don ɗaki huɗu, bayan shekara biyar a ɗora masa bene biyu. Birkila ne injiniya, shi ne mai zane. A 2018 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, amma tambayi masu gini goma a Kasoa ko sun taɓa ganin bangonsa. A 7 ga Nuwamba 2012 ginin Melcom na Achimota ya rufta da safe, mutum 14 suka mutu, ƙasa ba ta ko motsa ba.

Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana, ya isa misali. Ranar 5 ga Fabrairu 2023 ya ci wa ƙungiyar Hatayspor ta Turkiyya ƙwallon nasara a mintunan ƙarshe, kafin asuba benen da yake ciki a Antakya, dogon gini na masu kuɗi, ya kwanta. Aka baza labarin an ciro shi da rai, muka yi ta murna, ashe ba haka ba ne. Sai 18 ga wata aka sami gawarsa, yana da shekara 31. An kama wanda ya yi ginin yana shirin barin ƙasar. A cikin lardin Hatay ɗin nan kuma akwai garin Erzin, inda aka ruwaito gidaje ba su rushe ba. Masana sun ce irin ƙasar wurin ta taimaka, amma an kuma san hukumar garin da ƙin lamuntar gini ba bisa ƙa'ida ba. Mu da muke sallar Juma'a a babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina mun ji wannan musiba kamar a gidanmu aka yi. Abin takaici, abin da ya fi yawo a wayoyinmu bayanta shi ne sunan Baturen Holan, ba maganar rodi da harsashi ba.

Na fahimci dalili. Duban rana kyauta ne, kiran injiniya kuɗi ne. Tura saƙo yana sa mutum ya ji ya yi wani abu don 'yan'uwansa, kuma yawancin masu turawa, iyayenmu mata musamman, da kyakkyawar niyya suke yi. Hajiya in ta turo maka da ƙarfe biyun dare, tsoron kada wani abu ya same ka ne. Ba ita nake zargi ba. Wanda ya zauna ya haɗa bidiyon yana ƙirga masu kallo, shi ne da magana a kansa. Illar kuwa tana taruwa a hankali. Mai hawan jini ya kwana ido biyu. A fita a bar ɗaki buɗe ga ɓarayi. Mafi muni, in an yi ihu sau goma ba komai, ranar da hukumar binciken ƙasa ta Ghana ko NADMO, hukumar kula da bala'o'i, suka fito da magana ta gaske, misali bayan babban motsi su ce kada a koma cikin gine-ginen da suka tsage domin wasu na iya biyowa, za a ce ai mun saba ji.

Abin da nake roƙo a wurin limamanmu da sarakunan zango ƙarami ne. A gayyato mutanen hukumar binciken ƙasa da na NADMO wata Juma'a bayan salla, a sa mai fassara, su yi bayani da Hausa. Mutane su ji cewa in ƙasa ta fara rawa ba a rugawa matakala, ana durƙusawa ne a shiga ƙarƙashin tebur ko a kare kai nesa da taga, sai ta lafa a fita fili. Daga nan a zaga da injiniya a duba makarantun Islamiyyarmu. Da yawansu a saman bene suke, bisa shaguna, an ɗora su daga baya da kuɗin sadaka. Yara fiye da ɗari, matakala ɗaya ƙunci, a ƙasanta ƙofar ƙarfe da ake sa wa kwaɗo don kada su sulale lokacin karatu. Makullin kuma sau da yawa yana aljihun malamin da ya fita sayen waakye.